Idan na'ura ta yi maka wariya, wa za ka kai ƙara?

Kwanaki wani ƙanena da ke sayar da kayan masarufi a Jibia ya shigo Katsina, muna zaune majalisa bayan isha'i nan wajen Ƙofar Ƙaura, ya miƙo mani wayarshi yana ta huci. Wai ya nemi rancen dubu 200 a ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ba da bashi ta waya, ya cike komi, BVN, NIN, hoton fuska, har izinin leƙa saƙonnin wayarshi ya ba su, ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo wai bai cancanta ba. Maganar ruwan da ke kan bashin mu aje ta gefe, na riga na yi mashi faɗa a kanta. Abin da ya ƙona mashi rai shi ne abokinshi da ke Abuja, wanda ya san jarinshi bai kai rabin nashi ba, ya nema a wuri ɗaya kuma an ba shi nan take. Ya ce mani, "Yaya, wallahi don sun ga Jibia ne. Wannan ba wariya ba ce?"

Ƙila ya yi gaskiya, ƙila kuma wani dalili ne daban. Amma inda gizo ke saƙar shi ne bai da hanyar da zai bi ya tabbatar, kuma babu manajan da ya ɗaure mashi fuska, babu magatakardan da ya ce "ba mu ba mutanenku", babu ko mutum ɗaya da ya ga sunanshi. Dokar hana wariya kuwa, tun asalinta, an yi ta ne don irin wancan manajan.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don mutane da yawa sun ɗauka ƙirƙirarriyar basirar nan da ake kira AI wani aljani ne mai tunani. Irin wadda ake sawa ta tace masu neman aiki ko bashi, almajira ce kawai mai hadda. Ana zuba mata tarin bayanan baya, a ce ga mutum dubu ɗari da muka ba bashi, ga waɗanda suka biya ga waɗanda suka gudu, ki nemo mana abin da masu biya suka yi tarayya a kai. Ita kuma ta yi ta lalube har ta haɗa alamomi ɗaruruwa, irin wayar da kake riƙewa, sau nawa kake sa kati, ƙarfe nawa ka cike fom, daga wane gari, sai ta ba kowa maki. Ba ta ƙin kowa kuma ba ta son kowa. Amma idan tarihin da aka karantar da ita karkatacce ne, to karkatar za ta haddace, ta kuma riƙa biya ta ba gajiya.

Kamfanin Amazon ya ga wannan da idonshi. Tun 2014 suka fara gina manhajar da za ta tace masu neman aiki, suka horar da ita da takardun neman aiki na shekara 10, waɗanda galibinsu na maza ne don harkar kwamfuta maza suka cika ta. Manhajar ta karanci abin da kyau, ta yanke cewa namiji shi ne nagari, duk takardar da ta ga kalmar "mata" a ciki, misali wadda ta rubuta ta shugabanci ƙungiyar wasan dara ta mata, sai ta rage mata maki. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fallasa labarin, lokacin har sun watsar da aikin. Babu injiniyan da ya zauna ya rubuta "a kori mata". Ta koya ne kamar yadda yaro ke koyon ashar a gidan da ake yin ta.

Kamfanoni na da amsa guda da suke ji da ita, wai mu ba mu tambayar ƙabila ko addini ko jinsi, to ta ina za mu yi wariya? Wannan magana ko a Turai ba ta tsayawa balle a nan. Mu fa sunanmu adireshi ne. Wane Daura, wane Funtua, wane Mashi, wane Malumfashi, wane Ingawa. Ko ka goge gidan "jiha" da na "addini" daga fom, sunan kaɗai ya gama tona komi. Ka goge sunan, makarantar da mutum ya yi tana nan. Ka goge ta, akwai ranar haihuwa, kuma kowa ya san adadin mutanenmu da aka rubuta ma 1 ga Janairu don ba a yi masu takardar haihuwa ba. Na'ura za ta iya gano ɗan ƙauyen arewa ta bayan fage ba tare da an taɓa gaya mata akwai wani abu wai shi arewa ba.

Ga wani misali da ya fi damuna, don namu ne. A Satumban 2021 an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibia, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka yi watanni ba kira ba data ba alat. Yanzu ka ɗauka akwai manhajar da ke auna amincin mutum da yadda wayarshi da asusunshi ke motsi ba yankewa. Mi za ta gani a tarihin ɗan Batsari? Rami. Mutumin da ya ɓace ɓat na tsawon watanni. Ita ba ta san an kashe sabis ba, abin da ta sani masu irin wannan ramin sun fi zama hatsari. Haka matar da layinta da sunan maigidanta aka yi rajista, haka ɗan kasuwar da shekara 20 yana karɓar kaya bashi a kasuwa yana biya ranar da ya yi alkawari, da mai zubin adashin da ba ta taɓa fashi ba, duk wannan amanar ba ta shiga kwamfuta ba, don haka a wajen na'ura babu ita.

A Amurka ma an kama irin wannan a harkar lafiya. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya gano manhajar da asibitoci ke amfani da ita don zaɓen marasa lafiyar da ke buƙatar ƙarin kulawa tana auna tsananin ciwo ne da kuɗin da aka kashe ma mutum a asibiti. Baƙaƙen fata kuma ba a kashe masu kuɗi kamar farare ko da ciwon ɗaya ne, sai ta ɗauka sun fi lafiya. Masu binciken suka lissafa cewa da an gyara, kason baƙaƙen da za su samu ƙarin kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin ɗari. Ka kawo wannan manhajar garin da rabin mutane kemis suke zuwa ko wajen mai magani, ai sai ta ce mu ne mafi ƙoshin lafiya a duniya.

To ina doka ta shigo?

Dokar hana wariya ƙofa biyu gare ta. Ta farko ita ce ta ganganci, ka ware mutum da niyya saboda jinsinshi ko addininshi ko asalinshi. Wannan idan an kama ta ba ta da wuya ko da kwamfuta aka yi ta. Wani kamfanin koyarwa ta intanet mai suna iTutorGroup ya saita manhajarshi ta riƙa watsar da takardar duk macen da ta kai shekara 55 da namijin da ya kai 60, hukumar daidaito a wajen aiki ta Amurka ta maka shi kotu, a 2023 ya yarda ya biya dala 365,000 ga mutum sama da 200. Yadda asirin ya tonu ma abin dariya ne, wata ce ta sake tura takarda iri ɗaya sak amma ta rage shekarunta, sai ga kiran intabiyu. Amma wannan ba basira ba ce, umarni ne mutum ya ba kwamfuta, ba shi da bambanci da ya rubuta a allo ya kafe bakin ƙofa.

Ƙofa ta biyu ita ce mai muhimmancin, kuma ta girmi AI da shekaru masu yawa. A 1964 Amurka ta yi dokar da ta hana wariya wajen ɗaukar aiki. Wani kamfanin wutar lantarki, Duke Power, a jihar North Carolina, wanda da can baƙaƙe leburanci kaɗai yake ba su, sai ya ce to shikenan mun daina wariya, amma duk mai son aiki mai gwaɓi sai ya kawo satifiket ɗin sakandare ya kuma ci jarrabawar gwajin basira. Ƙa'ida ɗaya ga kowa, ko ba haka ba? Sai dai a jihar a lokacin kashi 34 na fararen maza ke da satifiket ɗin, baƙaƙe kashi 12, don an daɗe ana tauye su a makaranta. A 1971, a shari'ar da ake kira Griggs, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba ruwanmu da abin da ke zuciyarku, ƙa'idar da a fuska ba ta ware kowa amma a aikace take zubar da wani jinsi, kuma ba a nuna aikin na buƙatarta ba, haramtacciya ce. Daga nan aka samu tsari mai hawa ukku: mai ƙara ya nuna da alƙaluma cewa sakamakon ya karkata, kamfani ya nuna cewa ma'aunin dole ne ga aikin, sannan mai ƙara ya nuna akwai wani ma'aunin da zai biya buƙata ba tare da wannan ɓarnar ba. A 1978 hukumominsu suka ƙara da wani awo mai sauƙi, idan rabon da wani rukuni ke samu bai kai kashi 80 cikin ɗari na rukunin da ya fi samu ba, to akwai abin dubawa. Maza 100 sun nema an ɗauki 50, mata 100 sun nema an ɗauki 30, 30 a kan 50 kashi 60 kenan, ƙararrawa ta kaɗa.

Ni ban ga baƙon abu a wannan tunanin ba. Ɗan awo ne a kasuwar hatsi da tiyarshi ta lotsa, ya rantse maka da Allah bai sani ba, kuma ka yarda bai sani ba. To sai mi? Geron da ya tauye ma mutane ya tauyu, sarkin kasuwa ba zai tsaya binciken zuciyarshi ba, tiyar zai karɓa ya gwada da ta gaskiya. Ko a fiƙihu kisan kuskure ba ƙisasi amma akwai diyya. Rashin niyya na ɗauke zunubi, ba ya ɗauke hakkin wanda aka cuta.

Yanzu mu dawo gida. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan Najeriya saboda al'ummar da ya fito, ƙabilarshi, garinshi na asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, ya kuma ƙara da yanayin haihuwa. Akwai wata gaɓa a cikin sashen da ba a cika kula da ita ba, ya ce ko a fili doka ta yi wariyar ko kuwa wajen aiwatar da ita a aikace. Wannan "a aikace" ɗin kusan ita ce ƙofa ta biyun can, tana nan a rubuce tana jiran lauyan da zai tura ta. Kuma sashen yana da haƙora, da shi Kotun Ƙoli ta yi amfani a 2014 a shari'ar Ukeje ta rushe al'adar Ibo da ke hana ɗiya mace gadon ubanta. Matsalar shi ita ce lafazin ya tsaya kan doka da kuma matakin gwamnati. Idan hukumar gwamnati ce ta sa manhaja tace masu neman aikin ɗamara ko tallafin karatu ko rabon taki, sashe na 42 ya hau kanta kai tsaye. Idan kuwa kamfani ne mai zaman kanshi kamar wanda ƙanena ya faɗa hannunshi, lauyansu abu na farko da zai ce shi ne wannan sashe ba da mu yake ba, kuma akwai tsohon hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 1991, na shari'ar Uzoukwu, da zai jingina da shi.

Sauran dokokin namu tsinta-tsinta ne. Akwai ta masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, ita ta haɗa kowa da kowa, mutum ko kamfani, tarar kamfani naira miliyan 1, mutum dubu 100 ko wata 6 a gidan yari. Miliyan ɗaya dai a yau kowa ya san ba kuɗin da zai hana kamfani barci ba ne, amma aƙalla makahon da manhaja ta ce sai ya ƙifta ido gaban kyamara kafin a buɗe mashi asusu, ko kuturun da aka ce sai ya dangwala yatsa, suna da abin riƙewa. Akwai ta masu cutar ƙanjamau ta 2014. A harkar aiki kuma Kotun Ma'aikata ta ƙasa, tun gyaran tsarin mulki na 2010, tana da hurumin sauraren ƙarar wariya a wajen aiki da kuma amfani da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su, ciki har da mai lamba 111 wadda ke auna wariya da tasirinta ba da niyya ba. To mai neman aiki yana da 'yar hanya. Mai neman bashi ko inshora ko hayar gida, wanda aka ware don garinsu, shi ne ke tsaye a rana.

Dokar da ta fi kusa da maganar na'ura kai tsaye ita ce ta kare bayanan jama'a da Tinubu ya sa ma hannu a Yunin 2023. Sashe na 37 ya ce kana da hakkin kada a yanke maka hukunci mai nauyi a rayuwarka ta hanyar na'ura zalla, kuma ko a inda aka halatta hakan, kana da hakkin ka nemi mutum mai jini a jika ya sake dubawa, ka faɗi ta bakinka, ka ƙalubalanci hukuncin. Tarar manyan kamfanoni na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Magana mai daɗi. Amma ka lura da ramuka biyu. Na farko kalmar "zalla", kamfani na iya aje yaro ɗaya a ofis yana danna "na amince" kan duk abin da na'ura ta fitar, sunaye dubu a wuni, sai a ce ai mutum ya duba. Na biyu yarda, dokar ta sassauta idan kai ka amince ko kuma abin ya zama dole don ƙulla yarjejeniya, kuma wa ya taɓa karanta dogon turancin nan kafin ya danna? Ƙanena dai bai karanta ba, ni ma da nike wannan surutun ban karantawa.

Sai tambayar wa za a kama. Banki zai ce manhajar sayo ta muka yi, mai manhaja zai ce ni kayan aiki na sayar ban hana kowa komi ba, dukkansu kuma su nuna na'ura su ce ita ta yanke. Mu da muka tashi cikin rigimar manoma da makiyaya mun san amsar wannan tun muna yara, idan shanu suka shiga gona ba saniya ake kaiwa gaban mai gari ba. Malamai ma sun yi bayani, ɓarnar da dabba ta yi da dare tana wuyan mai ita don shi ya kamata ya ɗaure abarshi. Kotunan waje ma inda suka dosa kenan. A Kalifoniya wani baƙar fata mai shekara sama da 40 ya kai ƙarar kamfanin Workday, masu manhajar tace ma'aikata, ya ce ya nemi aiki wajen sau 100 ta manhajarsu ana watsar da shi, wani lokacin cikin tsakar dare sa'ilin da ba ma'aikacin da ke ofis. Kamfanin ya ce mu ba mu ne masu ɗaukar aiki ba. A 2024 alƙaliyar ta ƙi korar ƙarar, ta ce wanda aka damƙa ma aikin tacewa ana iya ɗaukar shi wakilin mai ɗaukar aikin, dokar na iya hawa kanshi. Ba hukuncin ƙarshe ba ne, amma ya toshe wannan hanyar gudun. Kotun Tarayyar Turai ma ta ce a Disambar 2023, kan kamfanin SCHUFA na Jamus mai ba mutane makin bashi, cewa ba da makin kanshi hukunci ne idan banki na dogara da shi sosai, ba za ka ce kai lamba kawai ka bayar ba.

Amma duk wannan, a ganina, ba shi ne ƙashin bayan matsalar ba. Ƙashin bayan shi ne hujja. Ƙa'idar da muka sani a kotun shari'a da ta boko duk ɗaya ce, hujja na kan mai ƙara, a shari'a kuma rantsuwa na kan wanda ya musa. Wannan ƙa'ida ta yi daidai lokacin da mai ƙara da wanda ake ƙara suka ga abu ɗaya. A nan kuwa duk hujjar tana cikin aljihun wanda ake ƙara. Ƙanena ya san mutum biyu kacal, shi da abokinshi. Kamfanin ya san mutum nawa suka nema daga Jibia da nawa aka ba, nawa daga Abuja da nawa aka ba, kuma da danna maɓalli ɗaya zai fitar da lissafin. Ka ce ya nuna, ya ce sirrin kasuwanci ne. Ka ce a rantse, wa zai rantse, injiniyan da shi kanshi ba zai iya gaya maka dalilin da ya sa na'ura ta ba wane maki 41 ta ba wane 78 ba? Turawa sun gane wannan tun kafin zuwan AI, dokokin Tarayyar Turai na shekarar 2000 sun ce idan mai ƙara ya kawo abin da ke nuna alamar wariya, nauyin ya koma kan wanda ake ƙara ya wanke kanshi. Birnin New York kuma tun Yulin 2023 ya wajabta ma masu amfani da irin wannan manhajar wajen ɗaukar aiki su kawo wani daga waje ya gwada ta duk shekara su kuma buga sakamakon. Wato a kawo tiya a gwada a bainar jama'a tun kafin wani ya yi kuka. Da za a tambaye ni gyara ɗaya da ya kamata 'yan majalisarmu su yi, wannan ne, ba kafa sabuwar hukuma mai motoci ba.

Sai dai akwai ƙaiƙayi a nan, kuma gara a faɗa. Ba za ka iya gwada ko manhaja na ware Hausawa ko Kiristoci ko mata ba sai ka san wanene Bahaushe wanene Kirista a cikin jerin. Dokar 2023 ɗin nan kuma ta sa ƙabila da addini cikin bayanai masu hatsari da ba a taɓawa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma da gaskiyarta, a ƙasar da ko ƙidayar 2006 ba a yarda an tambayi ƙabila da addini ba. Ga shi kuma a gefe guda mu ne muka rubuta raba daidai a sashe na 14 na tsarin mulki, muka kafa hukuma sukutum a 1996 don ta riƙa ƙirga ɗan wace jiha aka ɗauka a ma'aikatun tarayya. Ashe ƙirga sakamako ba baƙonmu ba ne, mun daɗe muna yi da jiha da ƙaramar hukuma. Ko da wannan kaɗai aka fara, a ce duk mai ba da bashi ta manhaja ya nuna ma hukuma kason waɗanda ya amince ma jiha-jiha da kuma maza da mata, da an ga abubuwa.

Kuma ko an samu alƙaluman rigima ba ta ƙare ba, don adalcin kanshi ba fuska ɗaya gare shi ba. A 2016 'yan jaridar ProPublica suka binciki manhajar COMPAS da kotunan Amurka ke amfani da ita don hasashen wanda zai sake laifi, suka duba mutum sama da 7,000 a wata gunduma a Florida. Cikin waɗanda ba su sake laifin ba, kusan kashi 45 na baƙaƙe an yi masu tambarin masu hatsari, farare kashi 23. Kamfanin da ya ƙera manhajar ya ce a'a, ku duba ta nan, duk wanda muka ba maki 7, baƙi ne ko fari, yiwuwar ya sake laifi kusan ɗaya ce. Abin mamaki duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma masana lissafi suka nuna cewa muddin yawan kamun ya bambanta tsakanin rukunan biyu, ba yadda za a yi a cika ma'aunan biyu lokaci guda. Dole a zaɓa. Zaɓin nan kuwa ba aikin injiniya ba ne, aikin alƙali ne da ɗan majalisa, amma a yanzu injiniyan ke yin shi a ofis ba wanda ya sani.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tambayi mutanen Holan. Hukumar harajinsu ta yi amfani da tsarin kwamfuta don farautar masu zamba a tallafin renon yara, kuma ƙasar asalin mutum na cikin abin da ke ɗaga mashi maki. Iyaye wajen 26,000 aka ɗora ma zamba ba su ji ba ba su gani ba, da yawansu baƙi da 'ya'yan baƙi, aka ce su maido da kuɗin shekaru, gidaje suka mutu, bashi ya binne mutane. A Janairun 2021 gwamnatin firaminista Mark Rutte gaba ɗaya ta yi murabus. Wannan ƙasa ce mai kotuna masu aiki da 'yan jarida masu naci, kuma duk da haka sai da aka yi shekaru kafin a yarda da talakawan. Mu da ke bakin iyaka, inda ɗan Kongolam ta Najeriya da ɗan Matamaye ta Nijar suke suna ɗaya dangi ɗaya, ga rajistar talakawa ana tacewa da kwamfuta, ga NIN an liƙa ma komi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Duniyar ma ba alƙibla ɗaya ta dosa ba. Tarayyar Turai ta yi dokar AI da ta fara aiki 1 ga Agustan 2024, ta sa manhajojin ɗaukar aiki da makin bashi da na makarantu cikin masu babban hatsari, da sharuɗɗan gwada bayanai da sa idon ɗan Adam. Amurka kuwa da ta haifi ƙa'idar Griggs, a Afrilun 2025 Trump ya sa hannu a umarnin da ke cewa hukumomin tarayya su ja baya daga bin wariyar sakamako. Dokar na nan a littafi, mutum na iya kai ƙara da kanshi, amma gwamnati ta zare hannu. Kuma galibin manhajojin da za a sayo a kawo mana daga can suke. Hukumominmu dai sun nuna suna iya cizo idan sun so, a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma cikin laifuffukan har da bambanta 'yan Najeriya da mutanen wasu ƙasashe wajen riƙon bayanansu. Saura a ga ranar da za su juyo kan wanda ke bambanta ɗan Najeriya da ɗan Najeriya.

A daren nan dai na karɓi wayar ƙanena muka rubuta ma kamfanin saƙo, muka ambaci sashe na 37, muka ce muna son mutum ya sake duba takardar kuma a gaya mana dalilin ƙin. Na ce mashi idan sun yi shiru akwai hukumar kare bayanai a Abuja, ana kai mata koke. Ya ce, "Yaya, a kan dubu 200 zan yi shari'a da mutanen da ban san ko ofishinsu ba?" Washegari da safe muka ga amsa ta shigo, da turanci, an gode mashi da tuntuɓa, an ce ya sake gwadawa bayan kwana 30. Ko sunanshi ba a rubuta daidai ba, kuma ƙarfe 3 na dare aka turo ta.